Allura uku a fatar kai: nazarin lamarin wani mai sanƙo da aka yi wa magani da jininsa

Hotuna biyu ya fara nuna min a waya tun ba mu gama gaisawa ba. A na farko an ɗauki tsakar kansa daga sama, fata tana ƙyalli ta tsakanin gashin da ya yi shara-shara. A na biyu, wanda aka ɗauka bayan wata biyar, wurin ya rufe, baƙi wuluk kamar kan ɗan sakandare. Sai ya tuɓe hula ya sunkuyo ya ce, "Yaya, ga na ukun nan, wannan ba sai an ɗauka ba." Kan ya koma yadda yake a hoton farko, in ma bai fi ba.

Ɗan ƙanwar mahaifiyata ne, shekararsa 34, ma'aikacin banki. Ya yarda in rubuta lamarinsa muddin ban faɗi sunansa ba. Ni aikina harhaɗa magunguna, ba likitan fata ba ne, kuma tambaya ɗaya ce ta kawo shi: asibitin kwalliyar da ya yi masa allurar PRP (ruwan da ake tacewa daga jinin mutum a tsira masa a fatar kai) a Abuja ya turo masa saƙo cewa lokacin ƙari ya yi, ya je ko kada ya je? Zagayen farko ya cinye masa fiye da albashin wata biyu.

Wani zai ce me ya yi zafi, a ƙasar da hula ta rufa wa kowa asiri. To shi daga Litinin zuwa Alhamis kwat yake sawa, kai a buɗe a ƙarƙashin fitilun ofis, ranar Juma'a kaɗai yake samun sa manyan kaya. Abokan aiki suna tsokanarsa wai sanƙo alamar kuɗi ne, ya yi dariya, ya koma gida ya haɗa madubi biyu yana leƙen bayan kansa.

Abin ya faro ne yana da shekara 27, daga kusurwoyin goshi, a hankali. Wajen shekara 31 tsakar kai ta soma buɗewa. Babu ƙaiƙayi, babu amosani, babu tabo zagayayye irin na makero, babu ƙurajen ƙeya da kan fito wa maza bayan aski. Ya shafa man kaɗanya, ya shafa man habbatus sauda, ya matse ruwan albasa har matarsa ta yi ƙorafi. Akwai lokacin da ya daina sa hula ko a ƙarshen mako, don an ce masa ita ke cinye gashi. Ba ita ba ce. Sai a wani watan Nuwamba zubar ta canza salo: in ya goge kai da tawul sai ya ga gashi, in ya taje sai buroshi ya cika. Cikin mako uku ya ga canjin da a da yakan ɗauki shekara. Wannan firgitar ce ta kai shi Abuja a watan Disamba.

Kafin a shiga abin da aka yi masa, sai an fahimci abin da ke cin gashin. Kan mutum yana ɗauke da gashi kimanin 100,000, kowanne a nasa ɗan ramin, kuma kowane rami da zagayensa: shekara 2 zuwa 6 yana fitar da gashi, sai ya huta kamar wata 3, tsohon gashin ya faɗi, sabo ya biyo baya. Shi ya sa zubar gashi 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. A sanƙon maza, wani sinadari a jiki mai suna 5-alfa ridaktes yana juya testosteron, wato sinadarin mazakuta, ya koma wani mafi ƙarfi da ake kira DHT. Ga mutumin da ya gaji abin, ramukan goshi da tsakar kai suna jin wannan DHT fiye da kima. Duk zagaye sai ramin ya ƙara tsukewa, lokacin tsiro ya gajarce, gashin ya fito siriri, gajere, har ya koma kamar gashin jikin jariri, daga nan kuma shiru. Ramukan ƙeya da na bayan kunne ba ruwansu da DHT, shi ya sa ko dattijon da kansa ya zama kamar ƙwarya yake da gashi zagaye da ƙeya.

Tun zamanin Girkawa aka lura babanni ba sa yin sanƙo, amma sai a 1942 wani masanin jikin ɗan Adam a Amurka, James Hamilton, ya tabbatar da dalilin: mazan da aka dandaƙe kafin balaga ba sa sanƙo, in kuma aka ba su testosteron, waɗanda ke da gadonsa a dangi sai ya soma fito musu. Shi ne ya kasa sanƙo mataki-mataki a 1951, O'Tar Norwood ya gyara tsarin a 1975, matakai 7 da likitoci ke amfani da su har yau. Batun gado kuwa ni da shi ba mu buƙaci gwaji ba. Kakanmu na wajen uwa, Allah ya jiƙansa, in ya cire rawani kansa har walƙiya yake. Ɗaya daga cikin manyan ƙwayoyin gadon sanƙo yana kan kuromosom X, wanda namiji ke samu daga uwa, ko da yake wasu da yawa suna zuwa ta kowane ɓangare. Ni ma hular nan tawa ba don ado kaɗai nake sa ta ba.

Ga abin da aka yi wa ɗan'uwana a Abuja. An ɗebi jini daga hannunsa, kwalabe biyu ƙanana, aka sa a injin da ke wulwula su da gudu na kamar minti goma. Jinin ya rabu uku: ja a ƙasa, wani siririn layi fari-fari a tsakiya, ruwan ɗorawa a sama. Aka zuƙe ɓangaren ruwan da ke kusa da farin layin, aka yi ta tsira masa shi a fatar kai, allura bayan allura, tazarar kamar faɗin ɗan yatsa. Ya ce bai taɓa sanin kai yana da jijiyoyi haka ba. An yi sau uku: Disamba, Janairu, Fabrairu. Da ya ba mahaifiyarsa labari, cewa ta yi ita dai a saninta wanzami in ya yi ƙaho zubar da jinin yake, ba ta taɓa jin inda aka cire aka mayar kuma aka karɓi kuɗi ba.

Amma dabarar ba shirme ba ce. A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi, pilatilet, waɗanda ɓargo ke yi, suna rayuwa kwana 7 zuwa 10. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikirolita ta jini, wato kashi ɗaya cikin miliyan na lita. Su ne ke fara taruwa a bakin rauni su tsayar da jini, kuma suna ɗauke da sinadaran da ke kiran sabbin jijiyoyin jini da sabon nama, irin su PDGF da VEGF. PRP ba komai ba ne illa ruwan jinin mutum da aka tattara waɗannan ƙwayoyi a cikinsa suka ninka yadda suke a jiki. Likitocin haƙori da muƙamuƙi ne suka fito da shi fili, musamman bayan aikin Robert Marx na Jami'ar Miami a 1998 kan dashen ƙashi. A 2006 wani likitan fiɗa a Burazil, Carlos Uebel, ya jiƙa saiwoyin gashin dashe a cikinsa ya ga sun fi kamawa. Daga nan asibitocin kwalliya suka karɓe.

Shin yana aiki a sanƙo? Bincike ya rabu. A birnin Rum, Pietro Gentile da abokan aikinsa sun wallafa gwaji a 2015: an raba kan kowane mutum biyu, ɓangare ɗaya PRP, ɗayan allurar da ba magani a ciki, sau uku, wata-wata. Ɓangaren PRP ya sami ƙarin gashi kusan 46 a kowane santimita murabba'i. Sai dai mutum 20 kacal aka auna, kuma 4 daga cikinsu zubar ta dawo musu bayan kamar shekara. A 2020 Jerry Shapiro da tawagarsa a New York suka yi irin wannan rabon kai da mutum 35, da ruwan gishiri a ɗaya ɓangaren. Gashi ya ƙaru a inda aka sa PRP, amma ya ƙaru a inda aka sa ruwan gishirin ma, kuma bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba. Mai yiwuwa sinadaran sun tsallaka, mai yiwuwa kuma sukar allurar kanta tana tada ramukan. Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne babu tsari ɗaya: wani yana wulwula jinin sau ɗaya, wani sau biyu, wani yana ƙara kalsiyam, wani ba ya yi, wani kwalbarsa tana ninka ƙwayoyin sau biyar, wata da kyar take ninkawa sau biyu. Duka sunansu PRP. In aka haɗa gwaje-gwajen, alamu sun fi karkata ga cewa yana ɗan ƙara kauri da yawan gashi na wasu watanni ga wanda sanƙonsa bai yi nisa ba. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da shi a matsayin maganin sanƙo ba.

Babu kuma wani gwaji da ya nuna yana rage DHT. Manomin dawa ya san wannan hali: in ƙuduji ya kama gona, taki yana sa dawa ta yi kore ta ɗan jure, amma ƙudujin yana nan maƙale a saiwa yana tsotsa.

To me ya rufe kan ɗan'uwana a hoto na biyu? Nan ne na zaunar da shi muka bi watannin ɗaya bayan ɗaya, kuma nan ne lamarin ya fi ba ni sha'awa.

Na tambaye shi ko ya yi wata rashin lafiya kafin zubar nan ta Nuwamba. Ya yi shiru, sai ya tuna: a watan Agusta, tsakiyar damina, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, har aka yi masa ƙarin ruwa, ya yi kwana huɗu a gadon asibiti, ya rame. Babu wanda ya tambaye shi wannan a Abuja. Zazzaɓi mai zafi, fiɗa, haihuwa, rama ta farat ɗaya, duk suna iya tura ramukan gashi masu yawa hutu a lokaci guda. Gashin ba ya faɗuwa nan take, sai bayan wata 2 zuwa 3, lokacin da mutum ya riga ya manta da ciwon. Mata sun san shi sarai, shi ne zubar gashin da ke biyo bayan jego. Kuma yana warkewa da kansa, yawanci cikin wata shida. Agusta zuwa Nuwamba wata uku ne cif. Ke nan ciwo biyu ya je da su: tsohon sanƙonsa mai tafiyar hawainiya, da wannan zubar ta wucin gadi da ta hau kansa. Ta biyun za ta koma ko an yi allura ko ba a yi ba, kuma lokacin komawarta ya faɗo daidai kan watan Mayu, watan hoto na biyu.

Sai na tambaye shi ko an ba shi wani abu ya tafi da shi gida. Ya ce e, wata 'yar kwalba mai ɗigo, an ce masa ruwan tallafi ne, safe da dare. Ya ci gaba da saye har watan Yuni, da ya ga kai ya cika sai ya bari. Allah ya sa bai yar da kwalbar ƙarshe ba. Da ya turo min hotonta, a ƙasan takardar da ƙananan haruffa an rubuta minoksidil kashi 5 cikin ɗari. Wannan ba ruwan tallafi ba ne, ɗaya ne daga cikin magunguna biyu da FDA ta amince da su don sanƙon maza. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, aka lura masu shanta gashi yana fito musu, kamfanin Upjohn ya mayar da shi na shafawa aka amince da shi a 1988. Yana ɗaukar wata 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsa, in an daina kuma gashin da ya riƙe yakan zube cikin wata 3 zuwa 6. Ya fara a Disamba, ya ga cika a Mayu. Ya daina a Yuni, ya ga raguwa wajen Oktoba. Lissafin ya zauna daram ba tare da an ambaci allura ba.

Hotunan ma da nasu. Na farko an ɗauke shi kwana ɗaya bayan aski, an goge kan da ruwan kashe ƙwayoyin cuta yana danshi, fitila mai zobe tana dukansa daga sama. Na biyu an ce masa kada ya yi aski mako uku kafin ya zo, aka ɗauka a gefen taga. Gashinmu murɗaɗɗe ne. Tsawon da bai kai rabin santimita ba yana nannaɗewa ya rufe fatar da gashin Bature mai tsawo iri ɗaya ba zai rufe ba. Ban ce da gangan aka yi ba. Amma hoton da haske da aski suka bambanta a cikinsa ba ma'auni ba ne.

Ya tambaye ni kai tsaye, "Yaya, wato damfarata aka yi?" Na ce masa a'a, ban ga haka ba. An yi masa abin da aka ce za a yi, kuma mai yiwuwa allurar ta ba da nata kason. Laifin da na gani shi ne an haɗa abubuwa uku a tukunya ɗaya, aka ba mafi tsada a cikinsu yabon duka, shi kuma ya watsar da mafi arha don bai san shi ne ke riƙe da rufin ba. Da an gaya masa sunan abin da ke cikin kwalbar nan, da an ce masa ranar da ka daina ranar za ka fara asara, da bai daina ba.

Akwai wasu abubuwa biyu da suka dame ni a zaman nasa. Ba a ƙirga pilatilet ɗinsa ba kafin a fara, alhali zazzaɓin cizon sauro sananne ne wajen rage su, kuma wanda nasa suka yi ƙasa ba a ma so a yi masa wannan aiki. Nasa dai daga baya an auna lafiya lau. Sannan duk ranar allura, da ya fito sai ya sha diklofenak saboda ciwon kai, wani lokaci tun kafin ya shiga. Wannan dangin magani, da asfirin da ibufurofen, suna dakushe aikin pilatilet. Asfirin ma in ya taɓa ƙwayar pilatilet ba ta dawowa har ta mutu. Shi ya sa ake cewa a guje su kwanaki kafin da bayan zama, a sha farasitamol in ciwo ya matsa.

Ana yawan tallata PRP da cewa jininka ne, don haka ba haɗari. Jinin naka ne, amma allura da kwalba da hannun mai aikin ba naka ba ne. A Albuquerque, jihar New Mexico ta Amurka, an rufe wani gidan kwalliya marar lasisi a 2018, inda ake yi wa mata irin wannan aiki a fuska. A watan Afrilun 2024 hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa mata uku sun kamu da cutar HIV ta wurin, kuma masu bincike sun tarar da kwalaben jini ba suna a cikin firji tare da abinci. A inda ciwon hanta nau'in B ya yi yawa kamar Najeriya, mutum yana da haƙƙin ya ga an ɓare allura a gabansa, an rubuta sunansa a kwalba, kuma kwalbar ba ta bar idonsa ba. Ɗan'uwana ya ce a nan kam asibitin ya kiyaye.

Sai muka zo kan abin da yake ta kauce wa. Maganin da ke taɓa DHT kai tsaye shi ne finasterayid. Labarinsa ya faro daga wani ƙauye a Jamhuriyar Dominika, inda Julianne Imperato-McGinley ta bayyana a 1974 wasu mazan da aka haifa ba su da isasshen 5-alfa ridaktes: ba sa sanƙo, mafitsararsu kuma ba ta samun matsi daga kumburin furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Kamfanin Merck ya bi wannan sawu, aka amince da ƙwayar miligiram 5 don furostet a 1992, ta miligiram 1 don sanƙo a 1997. Tana rage DHT na jini da kusan kashi 70 cikin ɗari, kuma ga mafi yawan masu sha zubar tana tsayawa. An taɓa ambata wa ɗan'uwana ita, ya shiga intanet ya karanta dare ɗaya ya ce har abada. Tsoronsa ba na banza ba ne. A manyan gwaje-gwajen farko kusan mutum 4 cikin 100 sun yi ƙorafin raguwar sha'awa ko ƙarfi, a masu shan ƙwayar bogi kuma kusan 2 cikin 100. Yawanci yana wucewa in an daina, amma akwai waɗanda suka ce ya zauna musu, kuma a 2024 hukumar magunguna ta Birtaniya ta sa a riƙa saka katin gargaɗi a kwalin saboda wannan da kuma damuwar zuciya. Tana iya rage yawan maniyyi ga wasu. Mace mai ciki ba a so ta taɓa fasasshiyar ƙwayar, don tana iya shafar halittar ɗan tayi namiji. Ɗan'uwana kuma shekararsa uku da aure, suna neman haihuwa. Ban matsa masa ba, kuma ba ni ne zan rubuta masa ita ba. Na dai gaya masa gaskiya cewa PRP ba ya maye gurbinta, aikinsu daban.

Na tura shi wurin likitar fata a wani asibitin koyarwa. Ta duba kan da madubin ƙara girma mai fitila, ta nuna masa a allo yadda gashi mai kauri da siriri suka cakuɗu a tsakar kai, alamar ramukan suna raye amma suna tsukewa. A kusurwoyin goshi kuwa fata ta yi sumul, babu ko ɗan tsiro. Ta sa shi a mataki na 4 a ma'aunin Norwood. Ta gaya masa kusurwoyin nan babu allura ko shafi da zai dawo da su, sai dashe, wato a ciro ramuka daga ƙeya a dasa a gaba, irin wanda ake tururuwar zuwa Istanbul dominsa. Kuma ko dashen ba a gaggawarsa ga mai shekara 34 da zubarsa ba ta tsaya ba, balle mai fatar da ka iya yin tabo mai kumburi. Ta mayar da shi kan minoksidil, ta gargaɗe shi cewa makonnin farko zubar za ta ɗan ƙaru kada ya firgita. Batun finasterayid suka ajiye shi sai matarsa ta samu rabo. PRP kuma ta ce in yana da rarar kuɗi ba ta hana shi ba, amma ba yanzu ba: ya yi wata shida a kan abu ɗaya tukuna, don a san me ke yin me.

Yanzu wata huɗu ke nan. Ya yi yarjejeniya da mai askinsa, lamba ɗaya ta kan injin aski kowane lokaci, kuma kwana bakwai bayan aski matarsa take ɗaukar hoton, a bakin taga ɗaya, da hantsi. Hotuna huɗu ya tara. Na biyu ya fi na farko muni, kamar yadda likitar ta faɗa. Na huɗu, in aka ƙura ido, duhun tsakar kan ya soma dawowa, goshin kuwa yana inda yake. Asibitin Abuja sun sake turo saƙo a makon jiya, wannan karon da ragi. Ya turo min shi ba tare da ya rubuta komai a ƙasa ba, ni ma na mayar masa da hotonsa na huɗu.